Ɓawo Ba Ƙwaya: Tarihin Daular Omniya a Ƙagaggun Labaran Terry Pratchett

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Omniya, ƙagaggiyar daular da malaman addini ke mulka a jerin labaran Discworld na marubucin Ingila, Terry Pratchett. An tattaro tarihin ne daga littafin Small Gods, sannan aka cike shi da abin da ya zo a littattafan da suka biyo baya, musamman Feet of Clay da Carpe Jugulum. An kasa tarihin zuwa zango huɗu: kafuwa, da bunƙasa, da rikicin annabi na takwas, da kuma zamanin gyara. Maƙalar ta nuna cewa jigon da ya ɗinke waɗannan zanguna shi ne yadda tsarin da aka gina domin hidimar imani ya yi ta kauri har ya shaƙe imanin, tsoro ya maye gurbinsa ba tare da masu mulki ko talakawa sun farga ba. Haka kuma an nuna cewa gyaran da ya biyo baya ya kashe zalunci, amma ya haifar da rarrabuwa da kokwanto.

Fitilun Kalmomi: ƙagaggen labari, mulkin malaman addini, zambo, Omniya, Pratchett

1.0 Gabatarwa

Ƙasar da babu ita a taswira ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin adabin Hausa. Tauraron Ruwan Bagaja ya ratsa garuruwa iri-iri har ya dangana da ƙasar aljannu, shi ma Gandoki ya yi zama a cikinsu. Sai dai a irin waɗannan labarai ƙasar zango ce kawai: tauraro ya sauka, ya yi abin da ya kawo shi, ya wuce. Ba a cika tsayawa a faɗi wanda ya kafa ta ba, balle yadda sarautarta ta sauya daga ƙarni zuwa ƙarni. A adabin Ingilishi na ƙarni na 20 kuwa, musamman bayan fitowar The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien a 1954 da 1955, an sami wani reshe na labaran al'ajabi wanda marubuci ke ƙera duniya sukutum, da taswirarta da harsunanta da addinanta da tarihinta. A nan ƙasar kanta takan zama tauraruwa, ana iya nazarin haihuwarta da tsufanta kamar yadda ake nazarin na mutum.

Omniya na daga cikin fitattun misalan ƙagaggiyar daula wadda addini ne tsarin mulkinta, malamansa kuma su ne sarakai da alƙalai da masu ba sojoji umarni. Ya kamata a lura tun farko cewa kalmomin abin bauta da annabi da coci, a duk inda suka zo a wannan maƙala, suna nuni ne ga abin da labarin ya ƙaga.

2.0 Marubucin da Duniyarsa

An haifi Terry Pratchett a garin Beaconsfield na Ingila a 1948, ya rasu a 2015. Ya fara da aikin jarida kafin ya koma rubutun ƙagaggun labarai kacokan. Jerin Discworld ya ƙunshi littattafai 41, na farko The Colour of Magic a 1983, na ƙarshe The Shepherd's Crown a 2015. Ma'anar sunan jerin ita ce Duniyar Faifai, domin duniyar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana bisa bayan giwaye huɗu, su kuma suna tsaye a kan wani ƙaton kunkurun teku mai suna A'Tuin da ke iyo a sararin samaniya. Salon marubucin barkwanci ne mai ɗauke da zambo. Yakan sa mai karatu dariya a kan abin da, in ya natsu, zai ga ba na dariya ba ne.

Small Gods, wato Ƙananan Ababen Bauta, ya fito a 1992, shi ne na 13 a jerin. Ba za a fahimci tarihin Omniya ba sai an riƙe ƙa'ida guda da wannan duniya ke gudana a kanta: ababen bautarta suna rayuwa ne da imanin mabiyansu. Wanda mabiyansa suka yawaita sai ya ƙasaita, wanda suka ragu sai ya tsuke, wanda ya rasa su baki ɗaya sai ya koma 'yar murya mai yawo a hamada, ba suna ba siffa. Littafin ya danganta wannan ra'i ga wani masanin falsafa, Koomi na Smale, wanda Cocin Omniya ya hallaka ya kuma rarraba gaɓoɓinsa a garuruwan daular don ya zama izina.

3.0 Zango na Farko: Kafuwa

Omniya ƙasar hamada ce a nahiyar Klatch, tana da gaɓa a tekun da ya haɗa ta da maƙwabtanta. Om, abin bautarta, ya faro ne a matsayin ɗaya daga cikin waɗancan muryoyi na hamada. Sa'arsa ta zo ne ranar da wani makiyayi ya fita neman tunkiyarsa da ta ɓata, muryar ta kai shi inda take, shi kuwa ya tara duwatsu a wurin don godiya. Daga mabiyi ɗaya aka sami goma, daga goma aka sami gari. A ƙarshe mabiyan Om suka tumɓuke Ur-Gilash, abin bautar da ya riga shi a yankin, suka kashe firistocinsa, har sunansa ya kusa ɓacewa.

Marubucin ya tsaya a kan sana'ar wannan mabiyi na farko, ya nuna da a ce mai kiwon awaki ne, da addinin ya ɗauki wata hanya dabam. Hujjarsa ita ce tunkiya kora ta ake yi daga baya, akuya kuwa sai an shige mata gaba an jawo hankalinta. Tun daga tushe ke nan addinin ya ɗauki mabiyansa a matsayin garken da ake korawa da sanda.

Bayan haka aka shiga zamanin annabawa bakwai, cikinsu akwai Ossory da Cena da Abbys. Kowanne ya shiga hamada ya fito da dokoki, aka tattara littattafansu a kundi guda da ake kira Septateuch. Daga baya, da Om ya sami wanda zai yi magana da shi, sai ya bayyana cewa bai tuna ya yi wa ɗayansu shiftar ko da babi ɗaya ba. Abin da ya iya tunawa game da Ossory shi ne ya taɓa bayyana ga wani mutum a siffar ginshiƙin wuta don nuna bajinta kawai. Dokokin da aka kashe dubban mutane a kansu, ashe annabawan ne suka tsara abinsu. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

4.0 Zango na Biyu: Bunƙasar Daula

Cibiyar mulkin Omniya ita ce wata ƙatuwar ganuwa a birnin Kom, wadda ta haɗa haikali da fada da bariki da kurkuku a wuri ɗaya. A ƙolin tsarin akwai shugaban Coci mai laƙabin Cenobiarch, ƙarƙashinsa manyan firistoci shida, sai masu muƙamin Iam su talatin, sai ɗaruruwan bishop-bishop da dikinoni da ƙananan firistoci, sai kuma almajirai masu jiran a naɗa su. Babu sarki a gefe, babu majalisar da ba ta Coci ba. Rundunar sojan ƙasar ma ta abin bauta ce a suna, aikinta shi ne cin maƙwabta da yaƙi da shigar da su addini. Ƙasar Istanzia na daga cikin waɗanda aka haɗiye ta wannan hanya.

Amma ainihin iko yana hannun hukumar tuhuma da ake kira Quisition. Tana da ma'aikata iri biyu: masu azabtarwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da masu tsara wanda za a kama. Ƙa'idarta ita ce zargi kansa hujja ne, domin a ganinta Om ba zai jefa zargi a zuciyar mai tuhuma ba sai in gaskiya ne. Don haka hukumar ba ta taɓa yin kuskure ba, ba kuma za ta iya yi ba. Wani abin lura shi ne yadda aka siffanta masu azabtarwar. Magidanta ne masu son iyalinsu, suna shan shayi a lokacin hutu, suna yi wa abokin aikin da ya yi ritaya karo-karo. Manufar marubucin ita ce zalunci mai tsari ba ya buƙatar mahaukata, ma'aikata masu zuwa aiki a kan lokaci sun ishe shi.

Daular ta kuma mallaki ilimi. Coci ya hukunta cewa duniya dunƙulalliya ce mai zagaya rana, duk wanda ya ce shimfiɗaɗɗiya ce a bayan kunkuru ya yi ridda. A nan marubucin ya kifa tarihin Turai ne: a 1633 kotun aƙida ta Roma ta hukunta Galileo saboda ya ce duniya na zagaya rana, a Omniya kuwa wannan ra'ayi shi ne ƙaryar da hukuma ke karewa. Darasin bai tsaya ga wane ra'ayi ne daidai ba, ya shafi duk hukumar da ta mayar da abin da ido ke iya tabbatarwa ya zama batun biyayya. Wannan ya haifar da ƙungiyar asiri ta masu gaskata kunkuru, wadda ta dogara da wani ɗan littafi na Didactylos, makahon masanin falsafa na birnin Ephebe. Cikin 'yan ƙungiyar har da janar na soja da bishop.

Sakamakon wannan bunƙasa shi ne abin da wani masanin falsafa na labarin, Abraxas, ya kwatanta da halittar ruwa mai gina wa kanta ɓawo: ɓawon ya yi ta kauri har halittar ta mutu a ciki, ba wanda ya sani, domin daga waje ɓawon na nan da kyansa. Lokacin da Om ya yi nufin sauka duniya a siffar bijimi, ƙarfinsa bai kai ba, sai ya tsinci kansa a jikin ɗan kunkuru mai ido ɗaya. Shekara uku ya yi yana rarrafe a hamada, ya ma manta ko shi wane ne. A duk faɗin daular da ake kiran sunansa safe da yamma, mutum ɗaya tak ya rage mai imani da shi. Sauran jama'a da Coci suka yi imani, da dokokinsa, da kuma wuƙaƙen hukumar tuhuma.

5.0 Zango na Uku: Rikicin Annabi na Takwas

Labarin Small Gods ya buɗe ne shekara 200 bayan annabi Abbys, lokacin da ake dakon na takwas. Mutum biyu ne suka riƙe wannan zango. Na farko Vorbis, dikin mai shugabancin hukumar tuhuma, wanda ko manyan firistoci ke shakka. Mutum ne da ba ya jin komai sai amsa-kuwwar tunaninsa, kuma ita yake ɗauka muryar Om. Ranar da ya ci karo da kunkurun a lambu, kifar da shi ya yi a rana ya tokare shi da duwatsu don ya ga yadda zai mutu. Na biyu Brutha, almajiri mai noman kankana a lambun ganuwa, wanda bai iya karatu da rubutu ba, amma ba ya mantuwa da duk abin da ya gani ko ya ji. Shi ne mabiyin da ya rage, shi kaɗai ke jin muryar kunkurun da gaggafa ta yar a kan tulin takin lambunsa.

5.1 Yaƙin Ephebe da Ƙera Tarihi

Ephebe kishiyar Omniya ce ta kowace fuska. An gina ta a kan siffar Atina ta tsohuwar Girka: ababen bauta barkatai, masana falsafa na gardama a kasuwa, shugaba kuma zaɓensa ake yi duk shekara biyar. Omniya ta aika mata da mai wa'azi, Murduck, mutanen birnin suka yi masa ihu da jifa da kayan miya, ya koma gida da ransa. Vorbis ya sa aka kashe shi, aka shelanta cewa mutanen Ephebe ne suka kashe shi. Da wannan hujja aka tura jiragen yaƙi, su kuwa mutanen Ephebe suka ƙone su da wani ƙaton madubi mai tattara hasken rana, abin da ke tuna wa mai karatu hikayar Archimedes da jiragen Rumawa a Sirakus.

Vorbis ya tafi Ephebe da sunan sulhu, ya ɗauki Brutha saboda haddarsa. Fadar birnin na kewaye da wani gini mai ruɗaɗɗun lunguna da tarkuna, ba mai ratsa shi sai da ɗan jagora. Brutha ya haddace hanyar da taku, Vorbis ya sa shi ya fitar da shi da dare, ya buɗe wa rundunar da ta ɓullo ta hamada, inda ba wanda ya zaci soja zai iya ratsawa. An yi watanni ana jibge tulunan ruwa zango-zango a kan hanyar, mutane da yawa sun mutu a wannan aiki. Da Brutha ya yi lissafi sai ya gane an fara jibge ruwan tun kafin Murduck ya mutu. Yaƙin ne ya riga dalilinsa zuwa.

Bayanin da Vorbis ya bayar shi ne ginshiƙin siyasar Omniya. A wurinsa gaskiya iri biyu ce: ta sarari, wato abin da ya faru, wadda ba ta da muhimmanci, da ta asali, wato abin da ya dace da manufar Coci. A gaskiyar asali mutanen Ephebe ne suka kashe Murduck tun ranar da suka ƙi sauraronsa. Daular da ta kai wannan matsayi ta mallaki jiya kamar yadda ta mallaki yau, kuma haddar Brutha ta zama barazana gare ta, domin shi ba ya iya tuna abin da bai faru ba.

Mamayar ba ta daɗe ba. Babban ɗakin karatun birnin ya ƙone, amma sai da Brutha ya haddace siffar rubutun littattafai masu yawa ba tare da ya san abin da suke cewa ba. Bayin Ephebe, waɗanda doka ta ba hutu da abinci da damar 'yantuwa, suka haɗa kai da iyayengijinsu suka fatattaki waɗanda suka ce sun zo 'yanta su.

5.2 Faɗuwar Vorbis

Guguwar teku ta jefa Brutha da Om da Vorbis a gaɓar hamada. Vorbis ya fita hayyacinsa, Brutha ya ƙi barinsa duk da nacin Om, ya yi ta jan sa yana nema masa ruwa. A wannan tafiya ce dangantakar mabiyi da abin bautarsa ta juye: almajirin ya fara tuhumar Om a kan jinin da aka zubar da sunansa alhali bai damu ya hana ba. Da suka kusa gida Vorbis ya buge Brutha da dutse, ya shiga birni a matsayin wanda ya ratsa hamada, aka naɗa shi annabi na takwas kuma shugaban Coci.

Da Brutha ya ƙalubalance shi a bainar jama'a, sai aka ɗaure shi a kan wani kunkuru na ƙarfe da ake hura wuta a cikinsa, wanda aka ƙera don masu gaskata kunkuru. 'Yan tawaye a ƙarƙashin Saje Simony, ɗan Istanzia wanda ba ya gaskata kowane abin bauta, sun dogara da motar yaƙi mai aiki da tururi, amma ta lalace kafin ta yi amfani. Abin da ya kawo ƙarshen Vorbis shi ne Om da kansa, wanda ya tilasta wa gaggafa ta ɗauko shi ta sake shi daidai kan dikin. Wannan ma aro ne daga hikayar mutuwar Aeschylus, marubucin wasan kwaikwayo na Girka. Taron da ya ga haka ya yi imani nan take, Om ya dawo da girmansa.

Muhimmin abu a tarihin daular shi ne abin da ya biyo baya. Om ya so ya saukar da sababbin dokoki ya kuma hallaka maƙiya, Brutha ya ƙi, ya yi ciniki da shi a kan yarjejeniyar shekara 100 wadda ta ɗora wa abin bautar nauyin mabiyansa. Sa'an nan ya ɗauki gawar Vorbis ya nufi gaɓar teku, inda rundunar ƙawance ta Ephebe da Tsort da wasu maƙwabta ta sauka don shafe Omniya, ya nemi sulhu. Om kuma ya hau dutsen Cori Celesti, mazaunin manyan ababen bauta masu caca da rayukan mutane, ya tilasta musu su tsayar da yaƙin.

6.0 Zango na Huɗu: Gyara da Farashinsa

Brutha ya shugabanci Coci shekara 100. Ya ɗora Simony a kan hukumar tuhuma domin ya rushe ta, ya ba Didactylos muƙamin bishop, ya sa aka kwafe littattafan da ya haddace har Omniya ta zama cibiyar karatu. Littafin ya ƙara wani bayani mai jan hankalin masu nazarin tarihi: Lu-Tze, tsohon mai sharar da ke lambun, ɗan wata ƙungiyar sufaye ce mai kula da gudanar tarihi, kuma a kundin da ke hannunsu Brutha mutuwa ya yi, aka shekara 100 ana yaƙi. Tsohon ne ya ɗan taɓa al'amura. Tarihin Omniya ke nan bai zama tilas ba, ya rataya ne a kan ƙananan zaɓuɓɓuka.

Littattafan baya sun nuna abin da gyaran ya haifar. A Feet of Clay na 1996 an ga Visit, ɗan sanda Ba'omniye a birnin Ankh-Morpork, wanda cikakken sunansa ke nufin a ziyarci kafiri da ƙasidun bayani. Jikokin masu ƙona mutane sun koma masu ƙwanƙwasa ƙofa suna raba takardu, jama'a na ɓuya in sun hango su. A Carpe Jugulum na 1998 kuwa an ga ɗaya fuskar. Cocin da ya halatta gardama ya dare ƙungiya-ƙungiya, ana ɓallewa a kan kowace ƙaramar mas'ala. Matashin firist Mightily Oats ya zo ƙasar Lancre, inda ba a manta cewa Omniyawa sun taɓa ƙona mata da zargin maita ba, zuciyarsa kuma a rabe, kowace magana yana ganin ɓangarenta biyu. Tsohuwar bokanya Granny Weatherwax ta zarge shi da sanyin imani, ta kuma nuna masa cewa tushen zunubi shi ne ɗaukar mutum tamkar kaya. Oats ya sami kansa ne a daren da ya ƙona littafinsa mai tsarki don ya hura wutar da za ta ceci ran tsohuwar daga sanyi.

Ana iya auna Omniya da wata ƙagaggiyar ƙasar a Monstrous Regiment na 2003, wato Borogravia. A can abin bautar, Nuggan, ya riga ya shuɗe, amma littafinsa bai daina samun ƙarin haramce-haramce ba, har da tafarnuwa da cakulan da launin shuɗi. Borogravia ita ce abin da Omniya za ta zama da ba a sami mabiyi ɗaya da ya rage ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin Omniya daga tarin duwatsun makiyayi zuwa daular da ta ci maƙwabtanta, daga nan zuwa Cocin da ya ajiye wuƙa ya ɗauki ƙasida. An ga cewa marubucin ya aro kayan gininsa daga tarihin Turai da hikayoyin Girka, ya sarrafa su ta hanyar kifawa da zambo. An kuma ga cewa bai ɗora laifin lalacewar daular a kan imani ba, domin mai imani na gaskiya ɗaya da ke cikinta shi ne ya cece ta, tare da taimakon soja marar addini da makahon masanin falsafa. Laifin yana kan tsarin da ya mayar da zargi hujja, ya mayar da tarihi kayan aiki, ya mayar da mutane garke. Zangon ƙarshe ya bar tambayar da ta cancanci ƙarin nazari: yaya imani zai riƙe zafinsa bayan ya ajiye tilas? Amsar da labarin ya bayar a aikace take. A rufewar Small Gods, Brutha ya mutu ya tarar da Vorbis a hamadar da matattu ke ratsawa, ya shekara 100 a durƙushe ya kasa taku ɗaya saboda kaɗaici. Ya san ko wane ne, ya san abin da ya aikata, ya kama hannunsa suka tafi tare.